Kurakuran da muke yi in mun zo sharhin littafin bincike na sabon marubuci

Wata ƙanwata ta kwashe kusan shekara biyu tana rubuta littafinta na farko, labarin wani tsohon ɗan sanda ne da ya bar aiki ya koma garinsu yana bincike da kansa in an kawo masa kes, sai aka tsinci gawar wani mai sayen hatsi a bayan tasha ranar kasuwa. Kwana uku da fitar littafin wani ya rubuta "kai wallahi ban taɓa zaton direbansa ne ya kashe shi ba, Allah ƙara basira". Shi a ganinsa yabo ya yi. Ita kuwa na same ta ta kifa waya a kan katifa ta yi shiru, don duk wanda ya ga wannan layin to an gama masa littafin. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake so mu yi maganar yadda muke faɗin ra'ayi a kan irin waɗannan littattafan, don ni kaina ina cikin masu sharhin.

Wannan tona asirin shi ne babba. Littafin soyayya ko ka san za a yi auren a ƙarshe za ka karanta ka ji daɗi, amma labarin bincike jarinsa gaba ɗaya tambaya ɗaya ce, waye ya aikata, in ka amsa ta a layin farko ka zubar wa mutum da jari. Kuma ba sai ka kama suna ba fa, masu cewa "ku dai sa ido kan matar nan ta biyu" ko "wanda kuka fi yarda da shi shi ne" su ma sun tona. Gyaran ba wuya, ka tsaya kan abin da ya faru a kashi ɗaya cikin uku na farkon littafin, wa aka kashe, wa ke binciken, a wane gari, sannan ka faɗi yadda ka ji da ƙarshen ba tare da ka faɗi menene ƙarshen ba. In kuma dole sai ka tattauna warwarar to ka rubuta a sama cewa wanda bai gama ba ya tsaya nan.

Sai masu cewa "ni tun shafi na 40 na gano mai laifin, littafin ba shi da wani armashi". Ɗan uwa ka tambayi kanka ta yaya ka gano. In da alamun da marubucin ya ajiye ka gano, misali ka lura an ce takalmin mutumin da laka ja alhali hanyar gidansa yashi ce, to ai marubucin ya yi maka adalci kenan, ya ba ka kayan aiki ka yi amfani da su. In kuma don mutum uku kacal ne a littafin biyu sun mutu, wannan rauni ne kuma sai ka faɗe shi haka, ka ce waɗanda ake zargi sun yi kaɗan. Akwai wani malamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, da ya jera ƙa'idoji 10 na irin wannan labarin a 1929, har yau masu rubutun suna komawa kansu. A ciki ya ce dole mai laifin ya zama an ambace shi tun farkon labari, dole mai binciken ya nuna wa mai karatu duk alamar da ya samu, kada a kawo gubar da babu ita a duniya, kada a fito da ɗan tagwai a ƙarshe ba a share fage ba, kuma kada abin gaibu ko katari su warware kes. Ba wahayi ba ne, manyan marubuta ma sun karya wasu, amma ma'auni ne mai kyau ga mai sharhi.

Wannan ta gaibun ita ce muka fi faɗawa ciki, don mun saba. Mai bincike ya yi shafi 200 yana yawo sai ya yi mafarki mamacin ya zo ya faɗa masa, ko wata mai aljanu ta faɗi ƙasa ta kama suna, ko mai laifin kawai ya haukace ya fara tona kansa a kasuwa, mu kuma mu cika sharhi da "Allahu Akbar alhaki kuikuyo ne". Ni ban ce kar a sa mai duba ko malamin tsibbu a labari ba, a ƙaramin gari ai in an yi sata kafin a je caji ofis an je wajensu, barin su ma ƙarya ne. Amma su zama mutanen gari kamar kowa, abin da zai kama mai laifin ya fito daga ƙwaƙwalwar mai binciken. In ka ga marubuci ya tsere ta wannan ƙofar ka faɗa masa, shi ne taimakon.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar mai bincike mai zaman kansa kamar DPO. Za ka ji ana "me ya hana shi kama shi tun tuni", "me ya sa bai sa an bibiyi layin wayarsa ba". Mutumin nan fa ba shi da sel ba shi da waranti, kamfanin waya ba zai miƙa masa bayanan kiran wani ba. Ko dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da ta yarda mutum farar hula ya iya kama wanda ya yi laifi a gabansa, cewa ta yi ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙarfinsa a baki yake da ƙafa da sanin mutane. To in za ka soki marubuci ta nan, ka soke shi in ya ba gwarzonsa ikon da ba shi da shi, kamar ya kulle mutum a ɗaki kwana biyu yana tuhuma babu abin da ya biyo baya.

Daga nan ne ma ƙorafin "labarin yana tafiyar hawainiya" yake fitowa, kuma a nan na fi jin ciwo don sau da yawa wurin da ake cewa ya ja shi ne zuciyar littafin. Ƙaramin gari ba Kano ba ne ba Abuja ba. Wanda ake zargi surukin mai binciken ne ko abokin babansa, ba zai iya kallon idonsa ya ce ina kake daren Laraba ba, sai ya durƙusa ya gaida shi, a yi maganar damina, a yi ta'aziyya, sannan ya zagayo. Mamacin an yi masa sutura an kai shi kafin la'asar, babu likitan da ya duba gawa, abin da ya rage sai abin da mai wankan ya gani kuma shi ba zai so faɗa ba. Shaidar da ta fi kowa sani matar aure ce a gidan da aka rubuta ba shiga, sai ya aika yayarsa da sunan barka. A littafin ƙanwar tawa akwai wajen da ya zauna teburin mai shayi har shafi shida, mai shayin na fifita wuta yana zuba madara yana ta lissafa waɗanda ke binsa bashi da waɗanda yake bi, a cikin lissafin ne ya ce direban ya biya bashin wata huɗu a dare ɗaya. Mutane da yawa sun ce sun tsallake wajen. Kafin ka ce wani waje ya ja, gama littafin ka dawo ka duba ko an binne wani abu a ciki. In babu, to ka yi gaskiya, ka faɗi lambar shafin ma don marubucin ya san inda zai datse.

Batun cewa littafin farko ne kuma mun rabu biyu, duka ba daidai ba. Wasu su ɗauko shi su auna da na waɗanda suka shekara 40 suna yi su ce bai kama ƙafarsu ba. Agatha Christie, marubuciyar labaran bincike 'yar Ingila da ake misali da ita, ta rubuta nata na farko a 1916, kamfanonin ɗab'i suka yi ta mayar mata sai 1920 ya fito, abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko ta san guba da gaske. Irin wannan ya kamata ka nema a sabon marubuci, me ya sani da gaske, kasuwar hatsi ce ko tasha ko kotu. Wasu kuma tausayi ya sa ba sa cewa komai sai "masha Allah fatan alheri", marubucin ya tafi littafi na biyu da ramukansa duka. Ka faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da misalinsa, ɗaya da bai yi ba da misalinsa, ya fi addu'a ɗari da ba sharhi a ciki, kuma addu'ar ma ka haɗa da ita.

Kuskuren taifin da rashin ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ a faɗa, amma a ware shi daban da labari, aikin mai tacewa ne. Masu jin haushin babu soyayya a ciki kuma su duba bangon littafin kafin su saya. Haka masu zagin marubuciya wai ta koyar da kisa don ta rubuta mai kisa, don Allah a daina, a duba dai ko ta nuna zafin abin a gidan mamacin.

Ƙanwar tawa tana kan na biyu yanzu, ta ce sharhin da ya fi mata amfani na wata baiwar Allah ne da ta rubuto cewa a babi na 9 an ce babu wuta a garin tun sati guda amma a babi na 11 wayar yaron shago na da caji ba a faɗi inda ya yi ba. Ta je ta duba ta ga haka ne, yanzu a sabon littafin har da mai cajin waya na bakin tasha a cikin waɗanda ake zargi.