Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Fasahar Injiniyancin Injuna da Mekatoroniks

Ɗalibin da yake sha'awar karatun injuna a kwaleji yakan tarar da kwasa-kwasai biyu masu kama da juna a takarda, wato fasahar injiniyancin injuna da mekatoroniks, kuma da yawa sukan zaɓa ne don daɗin suna, ba tare da sun bincika abin da za su shafe shekaru suna koyo ba.

Da farko ya kamata ka rarrabe tsakanin injiniyanci zalla da fasahar injiniyanci. Mai karatun injiniyanci zalla yana zurfafa a lissafi da ƙa'idoji domin ya ƙirƙiro sabon tsari, shi kuwa mai karatun fasaha ana horar da shi ne ya ɗauki ƙa'idojin da aka riga aka tabbatar ya aiwatar da su a masana'anta. Zai zana sassan inji da manhaja irin su AutoCAD ko SolidWorks, ya tsara yadda injin yankan ƙarfe mai bin umarnin kwamfuta, wanda ake kira CNC, zai fitar da su, sannan ya gwada ƙarfin abin da aka ƙera. Kada wani ya ruɗe ka da cewa babu lissafi a ciki, domin darussan ƙarfin kayan ƙira, da na zafi, da na gudanar ruwa a bututu, duk da lissafi ake yin su.

Mekatoroniks kuwa haɗaka ce ta injuna da lantarki da shirin kwamfuta. An ƙirƙiri kalmar a Japan a 1969, a kamfanin Yaskawa. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce ka dubi injin cika kwalabe: na'ura mai gano motsi ta ga kwalba ta iso, ta aika saƙo ga ƙaramar kwamfutar masana'anta da ake kira PLC, ita kuma ta tsayar da bel ɗin da ke jan kwalaben, ta buɗe bawul ɗin da ke zuba ruwan, bayan kwalbar ta cika silinda mai aiki da iska ta danna murfi. Ranar da wannan layin ya tsaya, ana buƙatar mutum ɗaya da zai iya gane ko ƙarfe ne ya cinye, ko waya ce ta tsinke, ko kuwa kuskuren yana cikin umarnin da aka rubuta wa PLC. Irin wannan mutumin ne kwas ɗin yake horarwa. A ganina, wanda zaman rubuta umarnin kwamfuta yake gundurarsa zai sha wahala a nan, komai son da yake yi wa mutum-mutumi.

Bayan ka tsayar da fanni, sai ka dubi matakin. Difiloma ta shekara 2 tana kai mutum aikin gyara da kula da injuna da wuri, digiri na shekara 3 ko 4 kuma yana buɗe ƙofar zane da shugabancin sashen ƙira. A Jamus ana koyon sana'ar mekatoroniks cikin shekara 3 da rabi, ɗalibi yana raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani. Idan za ka fara da difiloma, ka nemi a nuna maka a rubuce waɗanne darussa za a ƙirga maka in ka koma neman digiri.

Batun amincewar hukuma shi ne inda aka fi yin sakaci, alhali yana iya bin mutum har ƙarshen aikinsa. Akwai yarjejeniyoyi uku da ƙasashe suke amincewa da takardun juna ta hanyarsu: ta Washington ta 1989 don injiniyoyi, ta Sydney ta 2001 don masu digirin fasaha, da ta Dublin ta 2002 don masu aikin hannu na fasaha. A Amurka hukumar ABET tana tantance kwasa-kwasan fasaha daban da na injiniyanci, kuma wasu jihohi suna neman ƙarin shekarun aiki daga mai digirin fasaha kafin su ba shi lasisi. Ka tabbatar kwas ɗin da kansa ne aka amince da shi, domin amincewa da makaranta ba ta wadatar.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ka ziyarci ɗakin gwaji da kanka. Ka tambayi ɗalibai nawa suke raba inji ɗaya, da sa'o'i nawa ake yi a wurin kowane mako, ka kuma lura ko injunan suna aiki ko ƙura ce ta lulluɓe su. Ka nemi ganin ayyukan da ɗaliban ajin ƙarshe suka ƙera, sannan ka tambaye su, ba a gaban malamansu ba, ko makarantar ce take sama musu gurbin koyon aiki a masana'anta ko kowa da kansa yake nema.