Yadda Ake Zaɓen Alƙalamin da Zai Jure Fentin Ruwa, da Yadda Ake Kula da Shi

Wani yaro da nake koya wa zane ya shafe kusan awa biyu a gaban Gidan Makama yana fitar da zankwayen ginin da adon bangon, layi bayan layi. Da ya gama sai ya tsoma buroshi a ruwan jar ƙasa ya shafa. Kafin ya kai ƙarshen bango baƙar tawadar ta narke ta malale cikin jan, zanen ya koma kamar kwatami. Hannunsa lafiya lau, fentinsa ma haka. Alƙalamin ne ya cuce shi, kuma na ga irin wannan ya fi a ƙirga.

Fara da sanin tawadar da ke cikin abin da za ka saya. Iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta narkakke ne a ruwa, ko ta bushe da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta tashi. Akwai kuma ta garin launi, wadda ƙwayoyinta ke maƙalewa a jikin takarda su zauna daram. Ta biyun kake nema. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan darasi tun yana yaro: tawadarmu ta gawayi da ƙaro an yi ta ne don a wanke allo a sake rubutu. To, shi ma fentin ruwa da ƙaro ake haɗa shi, shi ya sa yake narkewa in an sa masa ruwa. Saboda haka kada ka zana layinka da tawadar allo sannan ka bi da fenti, duk kyan baƙinta.

A shago, juya alƙalamin ka karanta jikinsa. Kalma biyu kake so ka gani, "pigment" (wato garin launi) da "waterproof" (wato ruwa ba ya tayar da ita). In an rubuta "water resistant" kawai, ajiye musu kayansu. Waɗanda na yarda da su su ne Sakura Pigma Micron da Uni Pin, dukkansu na Japan, sai Staedtler Pigment Liner da Faber-Castell Pitt na Jamus. Ni Micron nake riƙewa, kamfanin ya fito da wannan tawada tun 1982 kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kada ka ɓata kuɗinka a kan fakitin nan mai guda shida ko takwas. Guda biyu na Micron sun ishe ka: lamba 01, mai kaurin baki milimita 0.25, don ƙananan abubuwa kamar tagogi da adon ƙofa, da lamba 05, mai 0.45, don manyan layuka. Shi kuwa 005 ka bar shi tukuna, siririn bakinsa ba ya jure hannun ɗan koyo. In aljihu ya yi zafi, baƙin biro Bic na ɗalibai zai fitar da kai, domin tawadarsa mai maiƙo ce, ba ta saurin tashi da ruwa, sai dai tana taruwa a baki ta ɗiga maka ɗigo inda ba ka so.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Rubutun jikin alƙalami ba hujja ba ne, gwaji ne hujja. Na taɓa sayen guda uku a wani shagon kayan rubutu, suna da tambari da komai daidai, na dawo gida na zana karofin marina da masu rini a tsugune, aikin yini guda. Ina ɗora shuɗi sai layukan suka fara yin gashi-gashi, wani ruwan toka yana bin su. Jabu ne. Tun daga ranar ba na fita sayen alƙalami sai da guntuwar takardar zanena a aljihu.

Ga yadda gwajin yake. Yanki ƙyallen takardar da za ka yi aikin a kanta, ita ɗin dai, ba takardar littafin makaranta ba. Takardar fentin ruwa, irin mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, an shafe ta da wani sinadari mai hana ta shan ruwa da sauri, don haka tawada kan zauna a samanta ta daɗe ba ta kama ba. Alƙalamin da ya ci gwaji a farar takardar ofis yana iya faɗuwa a nan. Ja layi uku, ka ƙara da wani ɗan murabba'i da ka cike da baƙi ƙirin. Shafa wa layin farko ruwa tsabtatacce bayan minti ɗaya, na biyu bayan minti biyar, na uku bayan kwata. Kada ka lallaɓa, goga buroshin sau uku ko huɗu kamar yadda za ka yi a ainihin aiki. Sannan ka maimaita da ruwan ɗorawa, domin launi mai haske shi ke tona asirin tawada, ɗan toka kaɗan zai dusashe shi nan take. Murabba'in nan kuwa shi ne zai fi jinkirin bushewa, kuma daga irinsa ɓarna ke farawa.

Lokacin da ka samu a gwajin ba na dindindin ba ne. Da hunturu a Kano layi kan bushe kusan kafin ka ɗaga hannu, amma a watan Agusta, da iska ta jiƙe, ninka jiranka. Ni ko yaushe kwata nake bayarwa, in tashi in wanke buroshi in canja ruwa. Haka kuma kada ka goge fensir sai tawada ta bushe sarai, kuma a hankali, don kilina na rage mata baƙi.

Batun kulawa ba shi da yawa. Kada ka taɓa ɗora bakin alƙalami a kan takarda mai danshi. Taɓa ta da bayan hannunka, in ka ji sanyi to da saura. Bakin zai tsotsi fenti ya toshe, shi ke nan ya mutu ko da tawada cike da cikinsa. Kada ka danna, musamman a takarda mai kaushi, tana cin baki kamar dutsen wasa wuƙa. Rufe murfi har ka ji ƙas duk lokacin da ka ajiye, ko na minti ɗaya ne, iskar hunturu ba ta da sabo. Ajiye su a kwance cikin jaka, kar ka bar su a mota ko bakin taga da zafin Afrilu.

Mai son alƙalamin da ake ɗura wa tawada ya nemi tawadar Platinum Carbon Black ko De Atramentis Document, ya riƙa wanke shi da ruwa duk bayan sati biyu. Tawadar Indiya kuwa ta tsomawa ce kawai, da bakin ƙarfe ko alƙalamin kara irin na Kasuwar Kurmi, in ka zuba ta cikin alƙalamin da ake ɗura wa tawada za ta daskare ta kashe shi. A ƙarshen aiki, in kana son ɗan ƙyalli a ido ko a kan ruwa, farin Sakura Gelly Roll ya isa, amma sai fenti ya bushe ƙarau, kuma kada ruwa ya sake bi ta kansa.