Yadda Ake Koyar da Daidaita Jerin DNA a Aji

Malamin da ke son ɗalibansa su fahimci algoridim ɗin Needleman da Wunsch, wato matakan lissafi na ɗora jeri ɗaya a kan wani don a ga inda haruffansu suka dace, wanda aka wallafa a 1970, gara ya ajiye kwamfuta tukuna, ya fara da takarda da fensir. A ɗauki gajerun jeri biyu, ACGT da AGT, a zana jadawali mai layi biyar da ginshiƙi huɗu. Idan haruffa sun dace a ba da maki 1, idan sun saɓa ko an bar gurbi a cire 1, sannan a cika layin farko da ginshiƙin farko da 0, -1, -2, har ƙarshe.

A kowane akwati ana duba maƙwabta uku, na sama da na hagu da na kusurwar da ke tsakaninsu, a ƙara wa na kusurwa makin dacewa ko saɓawar haruffan, na sama da na hagu kuma makin gurbi, a zaɓi mafi girma, a ja kibiya zuwa inda ya fito. Ɗalibai kan raina kibiyoyin nan, alhali su ake bi daga akwatin ƙarshe a koma baya, har a ga cewa A-GT, inda alamar - ke nuna gurbi, shi ne ya hau kan ACGT da maki 2.

Bayan sun ƙware, a nuna musu hanyar Smith da Waterman ta 1981, inda duk makin da ya gaza sifili ake mayar da shi sifili, a kuma fara komawa baya daga akwati mafi yawan maki.