Yadda Ake Nazarin Juyin Juya Hali da Tasowar Kishin Ƙasa

Duk mai son fahimtar wani juyin juya hali, ya dace ya jinkirta karanta jawaban jagororinsa, ya fara da binciken halin da baitulmalin gwamnati yake ciki kafin al'amura su rincaɓe. Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali a ganina babu wanda ya kai shi muhimmanci. A Faransa, bashin yaƙe-yaƙe ya yi wa gwamnatin Sarki Louis na 16 katutu, har da abin da ta kashe wajen taimaka wa Amurkawa su ƙwaci 'yanci daga Ingila, ga shi kuma masu sarauta da manyan coci sun ƙi yarda a ɗora musu sabon haraji. Dole ce ta sa sarkin ya kira majalisar rukunoni uku na al'umma (malaman coci, masu sarauta da sauran jama'a) a watan Mayun 1789, wadda rabonta da zama tun 1614. Amfanin gona bai yi kyau ba a 1788, don haka wakilai suka hallara a daidai lokacin da burodi yake neman gagarar talakan Faris.

Daga nan sai ka duba inda sojoji suka karkata, domin fushin jama'a kaɗai ba ya kayar da gwamnati. Ranar 14 ga Yulin 1789, sojojin da suka bijire ne suka jawo manyan bindigogi zuwa ƙofar kurkukun Bastille da ke Faris. A 1917 ma, da dakarun birnin Petrograd suka ƙi ci gaba da harbin masu zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki Sarki Nicholas na 2 na Rasha ya sauka daga mulki. Ka gwama wannan da boren 1848, wanda ya bazu a Turai amma ya mutu, saboda akasarin rundunonin Austiriya da Purushiya (wata masarautar Jamusawa) sun tsaya bayan sarakunansu.

Batun kishin ƙasa shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Duk inda ka ga takarda ta ambaci al'umma ko ƙasa, ka tsaya ka tambayi su wa ake nufi, kuma wa ya shata iyakar. Masu juyin Faransa sun ce ƙasa ita ce tarin mutanen da doka ɗaya ta haɗa, kuma mulki nasu ne. A yankunan Jamusawa kuwa, inda mamayar Napoleon ta hura wutar kishi bayan 1806, harshe da al'ada aka ɗauka a matsayin ma'auni. Majalisar da ta zauna a Frankfurt a 1848 ta ɓata watanni tana gardama kan ko za a sa Austiriya cikin sabuwar Jamus. Wanda ya haɗe ƙasar daga baya shi ne Bismarck, firaministan sarkin Purushiya, ta hanyar yaƙi da Denmark a 1864, da Austiriya a 1866, da Faransa a 1870. Saboda haka kada ka ɗauka cewa kishin ƙasa da mulkin jama'a kullum tafiyarsu ɗaya.

Ka kuma nemi waɗanda aka bari a baya, ka tsawaita bincikenka shekaru da dama bayan ranar nasara. Matan Faransa ba su sami ikon zaɓe ba sai 1944. Bayin da ke noman rake a mallakar Faransa ta Saint-Domingue sun ji labarin shelar 'yancin ɗan Adam da masu juyin Faransa suka yi, suka tayar da bore a 1791, suka kafa ƙasar Haiti a 1804. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi, ta tilasta musu amincewa da biyan diyyar faran miliyan 150 ga iyayengijinsu na da, kafin ta yarda da 'yancinsu.