Kurakuran da ke ɓata katako a injin sassaƙa na CNC

Abin da ya fi ɓata wa sabon shiga aiki a ƙaramin injin CNC na gida, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, shi ne tsoro. Yana gudun kada haƙori, wato ƙarfen da ke juyawa yana yanka katako, ya karye, sai ya rage saurin tafiyar inji, ya bar moto yana juyi 18,000 a minti. Nan haƙorin ya daina yanka ya koma guga. Bakin yankan ya yi baƙi, ƙauri ya cika ɗaki, haƙorin da aka sayo jiya ya dakushe yau. Ɓarɓashin da ke fita shi ke tafiya da zafi, don haka ɗebi abin da inji ke zubarwa ka murza a hannu. In laushi ne kamar garin tuwo, tafiyar ta yi kaɗan. In ya yi kama da tsaki, ka dace.

Lissafin ba wuya: juyi a minti, sau yawan kaifin haƙori, sau kaurin abin da kowane kaifi zai ɗebo. Haƙori mai faɗin milimita 6 da kaifi 2, a juyi 18,000, kowane kaifi na ɗibar milimita 0.05, ya ba ka tafiyar milimita 1,800 a minti. In injin na rawa a wannan saurin, sauke juyin zuwa 12,000, tafiyar ta koma 1,200. Zurfi kuma kada ya wuce rabin faɗin haƙori a zagaye guda, wato milimita 3. A katako mai tauri irin maɗaci, 2 ma ya isa.

Sai zaɓin haƙori. Mai ɗago ɓarɓashi sama yana share rami tas, amma yana tsattsage fuskar filawud. Mai danna ɓarɓashi ƙasa yana barin fuskar sumul, sai dai kada ka huda rami mai zurfi da shi, domin ɓarɓashin ba shi da mafita, yana cushewa ya yi zafi har ya kama wuta. Ka kuma lura da maƙogwaron da ke riƙe haƙori: milimita 6 daban, kwatan inci daban, shi 6.35 ne. Da ido ba za ka raba su ba. Ka sa haƙorin 6 a maƙogwaron 6.35, zai riƙa zamewa ƙasa a hankali har ya ci shimfiɗar inji, wato allon da ake ɗora katakon a kai.

Filawud ɗin da aka sayar maka a matsayin milimita 18 ba kasafai yake cika 18 ba. In ka zana gurbin haɗi a manhajar zane irin VCarve ko Fusion 360 bisa abin da mai kanti ya faɗa, haɗin zai yi sako-sako, gam kuwa ba ya cike giɓi. Auna kaurin a wurare uku da ma'aunin dijital, ka gwada a guntun katako tukuna. Haƙori zagayayye ne, ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, shi ya sa ake ɗan huda kowace kusurwa don allon da zai shiga ya zauna daram.

Ɓarna da yawa a zagayen ƙarshe take faruwa. Abin da aka yanka ya rabu da allo, ya motsa, haƙori ya cafke shi ya jefar. Bar ƴan gadoji huɗu a zane, kowace faɗin milimita 6 da kaurin 3, ka yanke su daga baya ka bi da sanfefa. Sukurun da ka ɗaure allo da su kuma su yi nesa da hanyar haƙori.

In zurfin rubutu ya bambanta daga gefe zuwa gefe, shimfiɗar inji ta MDF, wato allon garin katako da aka matse, ita ce ba ta daidaita ba. Bi ta da faffaɗan haƙori ka ɗebe rabin milimita, da takunkumi a hanci, don ƙurar MDF mugun abu ce ga huhu. Kafin ka fara aiki mai tsawo kuma, rubuta a takarda lambobin wurin da ka sa sifili, wato inda inji ke fara awon aikin. In aka ɗauke wuta, ka mai da inji mazauninsa na farko, ka shigar da lambobin, ka ci gaba a kan allon nan.