Darasi na 7: Shuka a Ɗakin Haya

Wanda ya taso a gida mai fili, ya koma ɗakin haya ko gidan bene a birni, yakan yi kewar ƙasa. Ba wurin zogale, ba wurin yakuwa a bayan ɗaki. Amma taga ɗaya da gwangwani biyu sun isa a fara.

Kafin ku nemo iri, ku fara sanin hasken ɗakinku. Da rana tsaka, ku ɗaga hannu a saman wurin da za ku ajiye shukar, ku duba inuwarsa. In ta fito sosai har kuna iya ƙirga yatsu, haske ya wadata. In ta fito dishi-dishi, haske matsakaici ne. In babu inuwa sam, wurin ya yi duhu, kuma ba ganyen miyar da zai yi a nan. Tagar gabas ta fi daɗin sha'ani, don ranar hantsi ba ta ƙona ganye kamar ranar la'asar ta tagar yamma.

Na'a-na'a tana da haƙuri da ƙarancin rana, kuma ba sai an saye ta ba. Ku roƙi maƙwabciya reshe kamar tsawon yatsa. Ku tsinke ganyen ƙasa, ku tsoma shi a kofin ruwa, kuna canza ruwan bayan kwana 2. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga fararen saiwoyi siri-siri kamar zare. Sai a mayar da shi ƙasa. Ku ba ta mazubinta ita kaɗai, domin yaɗo take yi, tana danne duk abin da aka haɗa ta da shi. In ta yi tsawo, ku riƙa tsinkar kanta kuna sa wa a shayi. Tsinkar ce ke sa ta yi rassa.

Citta ma tana jure inuwa. Ku zaɓi ɗanya mai ido, ku binne ta sama-sama a roba mai faɗi. Sai dai tana ɗaukar wata 8 zuwa 10 kafin a tone ta. Albasa mai lawashi kuwa, in kun yanka ganyen, kada ku zubar da gindin mai saiwa. Ku dasa shi dab da taga, zai sake tofowa.

Doddoya da barkono da tumatir suna son rana ta kamar awa 6 kullum. In tagarku ba ta samun haka, ku haƙura da su, ko ku kai su baranda. Alamar shukar da haske bai ishe ta ba a fili take: takan yi tsawo ba ƙiba, ganyen ya koɗe, ta karkata wajen taga.

Don kusurwar falo mai ɗan duhu, ba kamar moda. Ita ce mai dogayen ganye masu kauri, tsaye kamar takobi, da ake gani a gaban ofisoshi. Asalinta daga nan Afirka ne, kuma a da da zarenta ake tufka igiya. Ruwa sau ɗaya a mako 2 ko 3 ya ishe ta. Amma ba ta ci ba ce, tana ɓata ciki, don haka a ɗaga ta inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba.

Yanzu sai maganar ruwa, inda na fi son ku natsu. Na'a-na'ata ta farko a gwangwanin madara na dasa ta, ban huda gindinsa ba, ina ba ta ruwa safe da yamma. Ganyen ya yi rawaya ya zube. Wata dattijuwa a gidan ta tumɓuke ta, ta nuna mini saiwar ta yi baƙi, tana wari. Ta ce, "Ɗan nan, ai nutsar da ita ka yi." Na ce, "Inna, ni a zatona ƙishi take ji." Ta ɗauko ƙusa da dutse, ta huda gwangwanin wuri huɗu.

Saboda haka kowane mazubi, robar fenti ce ko tsohuwar tukunya, a huda gindinsa. A cika shi da ƙasa mai laushi, a gauraya da yashi kaɗan da takin da ya riga ya ruɓe. Kafin ku zuba ruwa, ku cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓar farko. In da danshi, ku bari sai gobe. Ruwan alwala ko na wankin shinkafa ya yi, amma ban da mai sabulu. Ruwan da ya tsiyayo a faranti a zubar da shi, don sauro na yin ƙwai a ciki. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar ganyen moda da jiƙaƙƙen tsumma.

Aikin gida: ku auna inuwar hannunku a wuri 3 cikin ɗakinku, ku rubuta a littafi abin da kuka gani a kowane wuri. Mako mai zuwa kowa ya zo da gwangwani ɗaya da ƙusa.