Kafin ku sayi alkamar niƙawa a gida

Jama'a, masu son niƙa gari da kanku, ku fara sanin me za ku gasa. Alkama mai tauri, wadda in an raba ƙwayarta cikinta ke sheƙi kamar gilashi, ita ce ta burodi: furotin ɗinta kan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, shi ya sa kwaɓin ke danƙo ya riƙe iskar yis. Mai laushi, wadda cikinta fari ne, ta fi dacewa da kek da biskit. Sha'ir kuwa ba ya tashi sosai shi kaɗai, sai an haɗa shi da alkama.

Ku ɗauki ƙwaya ɗaya ku ciza. Busasshiya za ta fashe ƙas. In ta lotse, da sauran danshi, za ta toshe injin kuma ta yi fumfuna. Ku sansana, ku duba ƙananan huji na ƙwari, ku tsince tsakuwa tun kafin ta lalata haƙoran inji.

Don Allah kada ku sayi irin shuka, musamman mai launin ja ko kore, an feshe shi da magani.

Ku niƙa daidai bukata. Ƙwayar tana da mai, da zarar an niƙa ta garin kan fara ɗaci in ya daɗe, gara a ajiye shi a firiza.